Taƙi Ɗaya

Jiragen 'yan koyo sun fara tun hantsi,
su tashi daga Palladan, su kewayo dutsen Kufena,
su sauka inda suka tashi.
Shekara talatin ina ɗinki a ƙarƙashinsu
ban ɗaga kai ba
sai da Nafi'u ya tafi.

Jikata Rumasa'u ta aro ƙwallon duniya a makaranta.
Na tsinko zare daga bakin allura,
na danne Zariya da babban yatsa,
ita ta ja ɗaya bakin, ta haye Habasha,
ta bi ta kan wani ruwa mai faɗin da ba ni da sunansa,
ta ce: Kaka, ga Kuala Lumpur.
Na auna. Taƙi ɗaya.
Bai isa ko wuyan riga ba.

A waya ya ce kilomita dubu goma da ɗoriya.
Na ce ni tela ne, faɗa min da kamu.
Ya yi dariya, dariyar ta iso a makare,
ta tarar har na fara wata magana.

Ya lissafa min: mota zuwa Kano,
a wuce Kwanar Dangora kafin rana ta yi zafi,
jirgi zuwa Addis, zaman jira a kujerar ƙarfe,
sai dare guda a sama.
Baba, gobe war haka ai na iso.
Haka yake cewa kullum.

Ran da Barira ta cika, da asuba ne.
Can rana ta kusa tsaka, yana ɗakin karatu.
Kafin ya sami mai sayar da tikiti
an yi mata wanka.
Kafin ya zuge jaka
mun dawo, muna karkaɗe jar ƙasa daga takalma.
Daga zaurena zuwa makwancinta
taku ɗari huɗu da sittin ne, na ƙirga.
Babu jirgin da ke rigan wannan tafiya.

Ya zo ran sadakar uku
da turare da maganin ciwon gwiwa
da ya saya mata tun watan jiya.
Suna nan bisa kanta, ban buɗe ba.

Ya koma. Karatu bai ƙare ba.

Amma ya bar min magana ɗaya
da nake juyawa kamar kabbasa a kan gwiwa:
wai can yamma suke fuskanta in za su yi salla.
Ni ina duban gabas.
Ashe in na kabbarta asuba
shi kuma yana alwalar azahar,
saura kaɗan mu yi ido huɗu,
Ɗaki ɗaya ne a tsakaninmu.

Zaren nan ban yar ba.
Na naɗe shi a maɓallin rigata.
Ga wani jirgin can ya sake tasowa,
ƙarami, fari, yana koyon dawowa.
Na ajiye allura har ya sauka.