Tauraron Gora

Ni ce Pining, kakar yara biyu,
a tsibirin Gimaras, can ƙasar Filifin,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo.
An rufe makaranta, Kirsimeti saura kwana tara,
gida ya cika da sawu, kunnena ya cika da ƙara.
Na ce, ku zo mu ɗaure tauraro.

Na tsaga gora da wuƙar marigayi Kulas,
tsinke goma, kowanne kamu ɗaya.
Dalisay ta ƙirga, ta ce tara ne.
Ashe Isko ya soke ɗaya a ƙugu, wai takobinsa ne.
Shekararsa huɗu. Wa ke ja da mai takobi?
Sai da na fanshe shi da ɓarin mangwaro.

Na dama garin rogo a kan wuta,
ya yi kauri, ya yi yauƙi, ya zama gam.
Kafin in juya, yaro ya kai yatsa baki,
ya yamutsa fuska: "Kaka, babu sukari."
Na ce, ɗan nan, ba don cikinka aka dafa ba.

Dalisay, mai shekara bakwai, ba ta son wargi.
Harshe a waje, gira a haɗe,
almakashi ya fi hannunta girma,
tana yanka jar takarda kamar tela a jajibere.
Ta yi wa tauraro jela biyu masu geza,
ɗaya ta ɗara ɗaya.
Ta gani, ta yi shiru.
Ni ma na gani, na kalli rufin kwano.

Mun ɗaure kusurwa biyar da zaren kamun kifi,
mun shafa, mun manna, mun hura don ya bushe.
Sai Isko ya so ya ji ko ya bushe.
Ɓurum! Yatsa ya wuce ta tsakiya.
Ita ta yi kukan haushi, shi ya yi na tsoro,
kare ya taya su daga ƙarƙashin tebur.

Jar takarda ta ƙare.
Shagon Tibo a rufe, ko da a buɗe yake
akwai sunana a littafinsa tun watan jiya.

Dalisay ta share hanci, ta rarrafa ƙarƙashin gado,
ta jawo takardar da aka naɗo kwali,
kwalin da uwarsu ta aiko daga Hong Kong,
inda take renon 'ya'yan wasu shekara uku ke nan.
Takarda ce ruwan ƙasa, duk ta yamutse.
Muka yanka daidai ramin, muka liƙa.
Ba kyau. Ni dai na faɗa a zuci, ba kyau.

Da magariba muka dasa guntun kyandir a ciki,
muka rataye a taga mai kallon teku.
Maƙwabta nasu na roba ne, na lantarki,
yana ƙyafta ido kore, shuɗi, kore.
Namu ya karkace kamar jirgin da ya sha lodi.

Amma da wuta ta kama,
sai facin nan ya yi haske kamar zuma,
rubutun hannunta ya fito ɓaro-ɓaro:
sunan unguwarmu, lambar gida,
da wata wutsiya da take ja a ƙarshen suna
tun tana aji biyu, na hana, ba ta bari ba.
Isko bai iya karatu ba.
Ya ɗora yatsa, a hankali wannan karon,
ya ce, "Mama ce."

Da dare ta kira, muka juya mata waya ta gani.
Ta daɗe ba ta ce komai ba,
har na zaci layi ne ya yanke.
Can ta ce, muryarta a dushe,
"Wa ya yanka jelar hagu? Ta fi tsawo."
Dalisay ta ce, "Iska ce."

Sun yi barci yanzu, ƙafar wannan a wuyan wancan.
Ni ina zaune ina ɓamɓare gam daga farce,
ina gadin kyandir kada ya lashi takarda.