Zagaye Na Bakwai

Tun zagaye na biyar
na ga kafaɗar Masawudu ta saki.
Ƙwallonsa na rarrafe
kamar trotro a cunkoson Nima.
Na ƙwala ihu: Koci Gariba, cire yaron nan!
Ya juya mini ƙeya.

Issaka kuwa na gindin katanga
yana ɗumama hannu tun azahar.
Wa ke ajiye wuƙa mai kaifi
ya yi fiɗa da dakusasshiya?

Zagaye na bakwai sanda ta yi ƙara,
ƙwallo ya haye rumfar mai waken Mamobi.
Sai yanzu koci ya farka.

Issaka ya shigo, jifa uku,
duka aka make su.
Na kora sauran maganata da ruwan leda.
Gobe a majalisa zan ce
jira ne ya kashe masa hannu.