Sabon Makulli a Cebu

Da asuba a kasuwar Cebu
Perpetua na jera busasshen kifi,
sai ɗanta ya kira daga jirgin ruwa:
"Mama, ke kika nemi peso dubu biyar?"
Ba ita ba ce.
Wani ne ya yafa sunanta
yana bin dangi da roƙo.

Wayar ta ɗau zafi a tafin hannu
kamar mai zazzaɓi.
Jikarta Liwayway ta ja kujera,
ta katse intanet, ta kori baƙin manhajoji,
ta kira banki aka rufe asusu.
"Ɓarawon bai fasa ƙofa ba, Kaka,
makulli ya tsinta.
Mece ce kalmar sirrin?"

Tsohuwa ta yi jim.
Sunan marigayi ne, Anselmo,
da shekarar da teku ya riƙe shi.
Shekara tara tana latsa shi kullum
da yatsa mai ƙarnin kifi.

"A sauya," ta ce.
Aka jera haruffa marasa dangi,
aka ƙara sakata ta biyu.

Da dare ta rubuta tsohon sunan
a bayan kalanda,
inda ba mai leƙawa
sai ita da tsaka.