Gwangwanin da ke Bayan Kofi

A bayan garin kofi na same shi, Edvaldo,
a kantar kicin ta can sama
wadda ka san hannuna bai kai,
sai da na taka kujera.
Baƙin gwangwani, an zana bijimi a gaba,
rubutun bayansa ƙanana kamar ƙwan kwarkwata,
cikin harshen da ba namu ba.

Ka ce ganye ne da saiwa.
Ka ce Wanderlei na ɗakin ɗaga ƙarfe ya rantse,
rabin mazan Barreiro suna sha,
har direban da ya ba ka shekara goma.
Ƙwaya biyu da asuba
kafin ka gangara tudu zuwa garejin bas,
biyu da dare, bayan wake da shinkafa.

Ban musa ba, wata uku riga ta matse ka.
Kakan tsaya gaban madubi
kana gaisawa da damtsenka kamar baƙo.
Amma ni ke wanke rigar.
Ni na ga ɗigon jini a gadon bayanta,
kuraje sun feso kamar kana ɗan sha shida
kai da ka cika talatin da takwas.
Gashinka a bakin magudanar banɗaki.
Minshari, sai kuma shiru,
shirun da nake ƙirgawa cikin duhu,
ɗaya, biyu, har goma sha ɗaya,
kafin ka fizgo numfashi
kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Kai da ko kare ba ka iya daka wa tsawa,
ran Lahadi ka fasa faranti
don gishiri bai ji ba.
Ka tsaya kana kallon hannunka
kamar na aro ne.

Mahaifiyarka ce ta ce, ɗago in gani.
Ta ja ka bakin taga.
Farin idonka ya koma ruwan ƙwai.

Likita Neuza ba ta ɗaga murya ba.
Ta jujjuya gwangwanin a tafinta,
ta ce abin da aka rubuta daban,
abin da aka cusa ciki daban.
Hanta ta kumbura.
Jini ya hau, ya kuma yi kauri,
yana jan ciki a jijiya
kamar tsohon baƙin mai a injin bas.
Nan ka gane, sai ka sunkuyar da kai.
Ta ce jiki bai son asara:
in ya ga ana kawo masa daga waje
sai ya kashe nasa murhun.
Ta cire tabarau, ta dube mu.
Kuna neman haihuwa?

Shekara biyu muna nema.
Akwai 'yar safa ruwan ɗorawa a ƙasan akwatina,
ban taɓa nuna maka ba.

A bas, kan hanyar gida, ka faɗa mini:
wani yaron gareji ne ya ɗauke taya daga hannunka,
ya ce, kawo, baba, kar ka karye.
Shi ke nan.
Kalma ɗaya, ta ci mana wata tara.
Da ni ka tambaya,
da na ce ban ga abin da ya ragu ba.

Yanzu ka rame, rigar ta koma yi maka yawa.
An je neman ƙiba, in ji masu magana,
ba sai na ƙarasa maka ba.
Idonka na washewa a hankali.
Murhun kuwa, ta ce mu dawo a Maris,
wani yakan sake kamawa, wani ya daɗe.
Ba ta yi alkawari ba.

Jiya a tasha na ga wani ɗan sha tara,
gemu ko fitowa bai gama ba.
Jakarsa a buɗe.
Na hango ƙahon bijimin.
Na buɗe baki,
bas ɗinsa ta iso.