Taku Na Uku

A bakin Binuwai, ƙasa da Pitowa,
inda geza ke tsoma gashinta a ruwa,
akwai wata 'yar tsuntsuwa, ba ta kai dunƙulen hannun jinjiri ba,
wuya kamar an ɗiga mata manja,
baya tokar murhu.
Gwaggo Tasalla ce ta raɗa mata suna: Mai-jira.

Don in ta yi kuka biyu sai ta ɗage ƙafa ɗaya,
ta karkace kai, ta yi tsit,
ba ta saukewa
sai amsa ta zo daga ƙetare.

A wurin wanki Gwaggo ta kwashe wannan tsaf,
ta kai shi dandali ranar sunan ɗan Ladidi:
taku biyu, kafaɗa ta kaɗa,
gyale ya buɗe fiffike,
na uku a rataye shi a iska.
Tunau ya matse kalangu a hammata, ya kame hannu,
wani can bayan taro ya yi fito,
ƙafa ta dira, guɗa ta tashi.

Ni kuwa lokacin danƙo ne sana'ata.
In shafa shi a reshe tun asuba,
in saƙa keji da karan dawa,
in nufi kasuwar Lahadi.
Wani direba mai gangarawa kudu
ya kwashi bakwai rana guda.
Takalmin roba na saya da kuɗin, mai igiya ja.
Bai yi damina biyu ba.

Ba ni kaɗai ba ne, na sani.
Gatari ya ci gezar, buhun gawayi ya hau titi,
feshin auduga ya share ƙwarin da take tsinta.
Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Bara ɗalibai suka zo daga Garwa
da madubin hangen nesa da littafi.
Kwana tara sauro na shan jininsu,
huɗu suka ƙirga, ɗayar ma da shakka.
Ni na yi musu jagora,
na san rassan kamar yadda mahauci ya san gaɓa.

Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya.
Ni, da gwiwa mai ƙara, nake koya wa yara rawarta.
Sun iya, wallahi, har sun fi mu ƙugu.
Sai Kuluwa, jikata, ta ce,
“Kaka, wai me muke jira a na uku?
Ƙafata ta gaji.”

Na ce ta tashi kafin zakara.

Muka zauna kan saiwar kanya, raɓa na jiƙa mu.
Kwaɗi suka gama surutunsu.
Dorina ta yi atishawa can nesa.
Sai ga shi: kuka biyu, siriri kamar zaren kaɗi.
Ƙafa ta ɗaga.

Ƙetare, babur ya wuce.
Wata mata na kwankwatsar itace.

Fiton da na yaudari iyayenta da shi
ya taso mini har leɓe.
Na haɗiye.
Na yi wa zuriyarta ƙarya, ta isa.

Har rana ta taɓa ruwa tana tsaye.

Tun ranar, in an zo na uku,
yara kan dira, su yi dariya.
Kuluwa kaɗai ke saura,
kai a karkace, ƙafa a sama,
har mai kalangu ya rasa yadda zai yi da hannunsa.