Rijiyar Bayan Gidan Mai

A Dilimi, bayan gidan man da aka rufe,
nan rijiyarmu take tun zamanin kuza.
Kakana ya haƙa ta, gaba goma sha ɗaya,
sanyin ruwanta har haƙori yake kamawa.

Bara da kaka Lantana ta jawo guga,
ta ce, "Baba, zo ka ga bakan gizo a ruwa."
Na leƙa: shuɗi da ja da ɗorawa suna lilo a sama.
Na kurɓa, na tofar.
Har dare harshena bai daina ɗaci ba.

Ashe tanki ne kwance ƙarƙashin siminti,
tsatsa ta cinye cikinsa yadda gara ke cin azara.
Shekara nawa yana ɗiga, ba mai ji, ba mai gani?
Alhaji Barau mai wurin ya riga mu gidan gaskiya,
'ya'yansa tara suna kotu a kan fili,
ba wanda ya ce tankin nasa ne.

Na sa babbar riga, na hau keke zuwa sakatariya.
Madam Kachollom, tabarau a karan hanci,
ta lashi yatsa, ta buɗe fayil.
"Akwai asusu," in ji ta, "ba a manta da ku ba.
Sai dai tankin ya kasance da rajista,
mai shi ya sa hannu, ya fara zuba kasonsa,
'yan kwangila uku su kawo farashi,
a haƙe, a kwashe, a kawo rasit,
sannan a duba abin da za a mayar."

Na ce, "Mai shi fa yana kushewa."
Ta sauke tabarau, ta daɗe tana kallona.
"Baba, ni ma a Tudun Wada
wurin 'yan garuwa nake saye."

Shi kuwa man bai karanta sashe na huɗu ba.
Ya bi ta ƙarƙashin katanga bai yi sallama ba,
ya shiga rijiyar Gyang maƙwabcina,
ya gangara fadamar latas da karas,
ya isa randar alwala a ƙofar masallaci.
Bai tambayi sunan kowa ba.

Jiya na kama yara sun ƙyasta ashana a bokiti,
ruwa ya ci wuta, suna tafi, suna ihu.
Ni da Gyang muka ɗora kwanon rufi a bakinta,
muka danne da duwatsu huɗu.

Takardar tana aljihuna, ta fara yagewa a ninki,
gurbin sa hannu fari fat.
Guga na rataye a ƙusa,
igiya ta bushe har tana karyewa.