Mai Haɗa Waya

Ni ne mai haɗa waya.
Ba a kiran sunana a lasifika,
ko da yake ni nake ba ta murya.

Bikin makaɗa ne a Kware, ƙarshen bazara.
Rana ta yini tana toya filin firamare
har ƙarfen rumfa ya ƙi taɓuwa.
Sau uku na jiƙa hulata, sau uku ta bushe.

Da la'asar sakaliya suka fara sauka:
Ige da 'yan amshinta daga Wurno,
ƙorai shida cikin buhun albasa;
wani saurayi da kuntigin gwangwanin kifi,
ya matse shi a hammata kamar wanda ake bi bashi;
masu sarewa daga Gwadabawa, dugadugai duk faso.
Can baya sai Arzika,
siriri kamar karan dawa,
gurminsa cikin tsohuwar rigar matashin kai.

Na miƙa masa makirfo, ya ƙare mata kallo.
"Ɗana, wagga aba tana cin tuwo?"
Na ce a'a.
Ya ce, "To, mi tas sani ga waƙa?"

Bayan isha'i fili ya cika.
Mai tsire ya ta da hayaƙi,
'yan kabu-kabu sun jingine babura sun hau kai.
Ige ta kifa ƙwarya bisa ruwa,
mata suka ɗaure gyale a ƙugu,
ni ina murɗa maɓallai,
ina ji kamar ni ke kiɗan.

Arzika ya zauna, ya taɓa tsirkiya sau biyu.
Janareta ya yi tari,
ya ƙara tari,
ya mutu.

"Mai waya! Ina mai waya?"
Na durƙusa, tocila a baki, ina fizgar igiya,
alhali na san ciwon.
Lita uku na rage da rana
na sayo wa Balkisa maganin zazzaɓi.
Igiya ba ta san wannan ba; ja nake yi
don kada a ga fuskata.

Sai na ji shi.
Ƙaramin sauti, kamar ɗigon ruwa cikin randa.
Na gaba ya taɓa na baya,
shiru ya bi sahu-sahu
har ya kai ga mai tsire, ya ajiye wuƙa.
Mutane suka riƙa matsowa a tsugune,
kowa ya miƙa kunne kamar mai karɓar aro.

Waƙar rijiya ya yi,
wadda garinsu ya gina kwana arba'in,
gaba goma sha biyu, sai dutse.
Ya kira masu ginar ɗaya-ɗaya,
Nomau, Jaɓɓi, Tunau mai ido guda,
wata tsohuwa a gefena tana amsa kowane suna
da "Allah ya jiƙan rai."
Tsakiyar baiti ya juyo inda nake:
"Mai waya, bar igiya ta huta,
guga ma yana kwana bakin rijiya."
Fili ya fashe da dariya.
Na tofar da tocila, na zauna a ƙasa.

Ba mu ga tasowar hadarin ba.
Iska ce ta fara zuwa daga gabas,
ta ɗage rumfa, ta kawo ƙanshin ƙasa.
Fatar gurmi ta saki, muryarsa ta yi kauri,
bai tsaya ba sai da ɗigo ya faɗa kan tsirkiya.
Ya cusa shi cikin riga kamar jinjiri.
Ba wanda ya gudu da wuri.

Da asuba ina nannaɗe wayoyi cikin taɓo,
ya zo wucewa, takalma a hannu.
Ya danƙa mini takardun liƙi, jiƙaƙƙu,
bai ƙirga ba.
"Ga na tuwon abarka," ya ce.
Ban gaya masa sunan wadda za ta ci ba.

Na duba na'ura a mota:
taɓi biyu na tsirkiya, tari biyu,
shi ke nan abin da na naɗa.